Faratan Kumandan

Litinin, 5 ga Mayu

'Yata Safiatou ta biyo daga biro, wurin aikinta, da yamma, ta tarar da karce a hannun uwarta. Hannun hagu, wanda ya shanye. Layi-layi daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, ɗaya har ya fara ruwa. Ba a sha wahalar neman mai laifi ba, yana kwance a cinyar maiɗakina Zalika yana taunar ganyen salati.

Zomon nan dai. Wani mai garka a bakin gulbi ne ya ba ta shi yana ɗan mitsitsi, tun tana da lafiyarta, wai ta kiwata a ci. Ta raɗa masa suna Kumandan, daga ranar maganar yanka ta mutu. Tun da ciwon nan ya kayar da ita bara, ya ɗauke mata ɓarin jiki da yawancin magana, shi ne abokin zamanta. Ya ɗare cinya, ta dafa shi da hannun dama, su wuni a haka. In zai sauka sai ya taka hannun hagun, ita kuwa ba ta ji.

Safiatou ta ce mai ciwon suga ba a wasa da rauni a jikinta, likita ya sha faɗa. Ko a yanke masa farce, ko ta ɗauke shi kafin Sallar layya. Akwai direba a wurin aikinsu a unguwar Plateau da ke kiwon zomaye. Kowa ya san inda zomayen direban ke ƙarewa.

Na ce ni da za a ɗauke shi yau ma da na huta da kashinsa a bakin ƙofa. Na manta bakin Zalika ne ya tafi, kunnenta na nan. Ta juya fuska bango. Ƙanwarta Fatuma, da ke jinyarta, ta yi ta fama da ita a kan kunu, ko cokali ba ta karɓa ba.

Talata, 6 ga Mayu

Fatuma ta ce laifin siminti ne. Da can yana tona a tsakar gida, farcen na cinyewa da kansa. Da muka shafe tsakar gidan saboda kujerar Zalika mai taya, ya rasa ƙasa. Ƙila gaskiya ne. Na duba faratan daga nesa, sun lanƙwashe kamar ƙugiya.

Na ce gobe zan taho da almakashi daga shago. Wanda ya tsufa yana yanka shaddar mutane ba zomo ne zai gagare shi ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Ya gagare ni.

Na kama shi ta kunnuwa yadda kowa ke kama zomo. Ban san ƙarfinsa duk a ƙafafun baya yake ba. Ya tattara su ya zabga mini a hannu, ya tsaga mini hannun riga, ya faɗa bayan randa. Ko kusa da farce almakashin bai je ba.

Fatuma ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai babban telan Zongo, mai ɗinka wa alhazai, ga shi zomo ya yi masa ɗinki a hannu. Na ce ta zo ta gwada mana in ta isa. Ta ce ita da aka kawo jinyar mutum.

Zalika ba ta yi dariya ba. Kunnuwansa take kallo.

Alhamis, 8 ga Mayu

Zafi. An ɗauke wuta tun safe, keken ƙafa na koma. Kayan Sallah sun fara taruwa.

Juma'a, 9 ga Mayu

Bala mai yankan farce ya ratso ta gaban shago da hantsi yana kaɗa almakashinsa, ƙyas-ƙyas, kamar kullum Juma'a. Ya yi mini nawa, na ce akwai wani aiki a gida, ban faɗa masa na wane ne ba. Ya ɗauka tsoho ne ko mara lafiya.

Da ya ga zomo ya tsaya ya dube ni. Ya ce, “Malam Abdoulkarim, da wannan almakashin nake taɓa hannun limamai.” Na ce na sani. Ya ce in aka ji a Zongo ya taɓa dabba da shi, wa zai sake miƙa masa hannu? Na kawo nawa almakashin na ba shi. Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya kai hannu. Kumandan ya bi ta tsakanin ƙafafunsa ya shige ƙarƙashin gado. Muka yi ta zungura da sanda har aka fara kiran salla.

Ya roƙe ni don Allah kada maganar ta fita. Ni ban faɗa wa kowa ba sai Shu'aibu, telan da muke jere da shi. Kafin la'asar masu shayi na tambayar Bala ko yana yi wa kaji.

Lahadi, 11 ga Mayu

Safiatou ta zo ta wanke karcen, ta shafa magani. Yana bushewa. Ta tambayi inda aka kwana, na ce ana kai.

Laraba, 14 ga Mayu

Yau na yi ɓarna.

Fatuma ta yarda ta danne shi a tabarma, ni na ja ƙafar gaba. Na farko ya fita lafiya, ɗan baƙin abu kamar ƙwayar shinkafa. Sai na ji daɗi, na ce bari in rage na biyu sosai don kada a dawo kansa da wuri. Ashe akwai jini a cikin farcen. Ina datsewa ya yi wani kuka. Ban taɓa sanin zomo na da murya ba. Kamar jariri, wallahi.

Jini a tabarma, jini a zanen Fatuma. Na laluba aljihu na sami allin da nake zana yadi, na murƙushe shi na danna a wurin, ya tsaya da ƙyar.

Daga kan kujera Zalika ta ce, “Bari.” Ta faɗe shi sarai, ba irin maganarta ta yanzu da sai an yi ta canka ba. Fatuma ta sake shi.

Na wanke almakashi na koma shago. Na ɓata wuyan rigar wani, sai da na farke.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bai hau cinyarta ba tun ranar. Yana bayan randa, in ya ji takuna sai ya buga ƙafa a ƙasa. Fatuma ta ce yayarta ba ta cin abin kirki, hannun daman yana ta lalube a kan zane inda ya saba kwanciya.

Na leƙa daga bakin ƙofa na yi mata sannu kamar kullum kafin in fita. Ba ta dube ni ba.

Ni fa ba ni na ce a yanke ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Na je wurin mai maganin dabbobi da ke bayan Babbar Kasuwa. Layin masu raguna har titi, kowa ragonsa na tari ko ya ƙi cin dusa. Da na ce zomo, na bayana suka yi dariya. Mutumin dai bai yi ba. Ya ce kada in kuskura in ɗauko shi a moto cikin wannan zafin, tsoro da zafi na kashe su. Kada a kama kunne. A naɗe shi cikin zane, a rufe masa ido, a fito da ƙafa ɗaya-ɗaya. A haska fitilar salula ta bayan farcen, za a ga inda jinin ya tsaya, a yanka gaba da nan. Ya sayar mini da ɗan ƙarfen datse farce, ya kira na gaba.

A hanya na ga mai salati, na saya. Zai yi amfani a miya ma.

Laraba, 21 ga Mayu

Naɗi a zane bai yi ba, yana zamewa ta sama. To ni abin da na iya ke nan: na auna shi. Fatuma ta ja hankalinsa da karoti, ni na bi shi da igiyar awo, wuya, ƙirji, tsawon baya. Bai taɓa tsayawa cik ba, amma na auna 'ya'yan mutane da suka fi shi rashin ji.

Na ɗinka masa jaka da ragowar shadda, da zariya a wuya, da tsaga huɗu ta ƙasa, kowace da maɓalli. Shu'aibu ya ɗaga ta yana juyawa, ya ce wane irin jariri aka haifa a gidana. Na ce ya kula da aikinsa, mai koren yadin can ta zo sau biyu.

Alhamis, 22 ga Mayu

Shadda santsi gare ta, ga ƙara. Yana jin ƙarar ya haukace. Aikin banza.

Asabar, 24 ga Mayu

Na sake wata da tsohon zanen atamfa na Zalika, wanda wanki ya tausasa. Ya shiga, amma da zarar na ɗora shi a tabarma sai ya fara birgima da jakar gaba ɗaya, yana numfashi sama-sama. Na tsorata, na kwance shi.

Da na kwance shi bai nufi randa ba. Ya yi tsalle ya haye cinyarta. Ta dafa shi. Ta ci tuwo da daren, in ji Fatuma, har da neman ƙari.

Lahadi, 25 ga Mayu

Fatuma ce ta kawo shawarar, ba ni ba. Ta ce tunda a cinyar Zalika kaɗai yake natsuwa, a yi aikin a nan.

Sai da na zauna a ƙasa gaban kujerar, gwiwata na taɓa ƙafarta. Na daɗe ban zauna kusa da ita haka ba. Jinya ta mata ce, wanka, shafa mai, canza zane, duk Fatuma da Safiatou ke yi, ni nawa in kawo magani da cefane in yi sannu daga ƙofa. Haka na ga ana yi a gidanmu a Damagaram, ba wanda ya taɓa cewa in yi wani abu daban.

Ta rame. Daga ƙofa ba a gani sosai.

Muka sa shi a jakar a kan cinyarta. Ban ce mata komai ba, ita da kanta ta ɗora tafin hannunta a kan idonsa. Ya yi lamo. Fatuma ta haska salula, na buɗe maɓalli ɗaya na jawo ƙafa. Gaskiyar mutumin ne, ana ganin jan a ciki, siriri, ya tsaya a rabi. Na datse gaba da shi. Ƙafa ɗaya muka yi, na ce ya isa na yau.

Ina tashi gwiwata ta yi ƙara. Kamar na ga gefen bakin Zalika ya motsa. Ko ciwon ne, oho.

Talata, 27 ga Mayu

Ƙafa ta biyu. Fatuma ta tafi kasuwa, na riƙe salular da haƙori. Yawu na zuba, Zalika na kallona. Wannan karon dariya ce, ba shakka.

Alhamis, 29 ga Mayu

Watan layya ya kama. Na bar nawa farcen da gashi sai bayan yanka, tunda na yi niyya. Ga ni kuma tsugune ina yanke na zomo. Allah ya kyauta.

Na baya sun fi kauri, sun fi wuya. Ya ɗan yi shure-shure, ta yi masa wani ɗan sauti a maƙogwaro, ya bari.

Hannun hagun nata yana nan gefen zomon, dunƙule, kusa da fuskata. Akwai ɗan wari. Na ɗauka jakar ce, na ce Fatuma ta wanke ta.

Asabar, 31 ga Mayu

An gama. Duka huɗu. Na shafa ƙafafun a bayan hannuna, ba abin da ke kamawa. Na aika wa Safiatou hoto.

Shago ya cika, masu kaya sun fara zama a kan benci suna kallona.

Litinin, 2 ga Yuni

Safiatou ta zo, ta ga busasshen jini a gefen hannun hagun, wajen gindin babban yatsa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce in ba karce ba to cizo ne, ita ta gaji, ba za ta zauna a yanke wa uwarta hannu saboda zomo ba. Jibi direban zai zo da kwali. Tana faɗa tana hawaye, ban ga laifinta ba.

Zalika ta yi ta ƙoƙarin magana, abin ya ƙi fita. Ta damƙe zomon har ya yi ƙara.

Amma zomo ba ya cizo ya bar wuri ba shaidar haƙori. Na san shaidarsa, tana nan a ƙafar teburina.

Talata, 3 ga Yuni

Ban fita da wuri ba. Na tambayi Fatuma wa ke yanke wa yayarta farce. Ta ce ita, duk Juma'a. Na ce har na hagu? Ta ce hannun ba ya buɗuwa. Ta gwada tun da daɗewa, Zalika ta yi ƙara, ta ji tsoron kada ta karya mata yatsa, tun daga nan sai dai ta goge bayansa da tsumma. Ta ce in rufa mata asiri wurin Safiatou. Na ce ta ɗora ruwan ɗumi ta ba mu wuri.

Na zauna inda na saba zama. Kumandan na cinya, ba jaka. Na tsoma hannun a ruwan, na bar shi ya jima. Na fara da ƙaramin yatsa, ina murza gaɓar a hankali, in ya ƙi in dakata, in ya saki kaɗan in ƙara. Yadda dai na koya a ƙafar wancan. Ta runtse ido, gumi na keto mata, amma ba ta janye ba.

Da ya buɗe na ga abin da ke ciki. Faratan sun yi tsawo sun lanƙwasa, biyu sun nutse cikin tafin hannun. Wurin ya yi fari, ya jiƙe, gefe ɗaya na jini. Warin ke nan. Wata nawa tana dunƙule da wannan, Allah kaɗai ya sani. Ni da ke kwana gida ɗaya da ita.

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Na wanke ƙaramin almakashina da ruwan zafi da alkol, da shi na yi. Ban nemi fatawar kowa a kan kwanakin layya ba, lalura ce. Ɗaya bayan ɗaya. Na naɗe tsumma mai tsabta na sa mata a tafin don kada ya koma ya rufe a kan ciwon.

Ta ce, “Malam.” Na ce na'am. Ta daɗe tana nema, sannan ta nuna zomon da haɓa ta ce, “Ba shi.”

Na ce na sani, ba shi ba ne.

Na tattara faratan a takarda. Tsakar gida duk siminti, sai a gindin itacen bedin ƙofar gida na tona na binne.

Na kira Safiatou. Ta bar biro ta zo da taksi, muka kai ta likita aka wanke aka ɗaure. Sun ce an zo da sauran lokaci, a riƙa buɗe hannun kullum ana motsa shi. Da muka dawo gida Safiatou za ta tafi, ta tsaya tana kallon Kumandan, ta ce za ta gaya wa direban ya bari tukuna. Tukuna ta ce.

Laraba, 4 ga Yuni

Mutum uku sun zage ni a kan ɗinki. Ɗaya ta kwashe yadinta ta kai wa Shu'aibu. Ta kyauta.

Lahadi, 8 ga Yuni

Sallah ta wuce lafiya. Hayaƙin gashin nama ya cika unguwa, Kumandan ya wuni ƙarƙashin gado. Ba wanda ya sake ta da maganar kwali.

Juma'a, 13 ga Yuni

An yi ruwa jiya, garin ya yi sanyi.

Na gaya wa Fatuma ta bar mini hannun hagun, safe da yamma. Ba don komai ba, hannunta ba shi da haƙuri, kuma hanyata ce in zan fita. Ta ce to, angon Zalika. Ban kula ta ba.

Ciwon na rufewa. Yatsun sun fara saki da wuri, yau ruwan bai ko huce ba suka buɗe. Na duba faratan Kumandan ma, da saura.

Na gama, na naɗa tsumman, ina shirin tashi, sai ta ɗauke hannun dama daga kan zomon ta miƙo mini. Fatuma ta riga ta yanke mata faratan da safe, ba abin da za a kama. Na ce mata ai waɗannan an yi. Ba ta janye ba.

Na riƙe, na yi kamar ina dubawa. Shu'aibu ya yi ta kira a salula, wai masu kaya na jira. Na ce su jira.